Ɗingishin Silindar Baya

Rashida ba ta zauna a bencin da Maliki ya share mata ba. Tsaye ta yi a bakin rumfar garejinsa da ke Kinkinau, ta tattare gefen mayafinta kada ya sha baƙin mai, ta faɗi abin da ya kawo ta ba kwana-kwana.

"Malam Maliki, sati shida kawai. Kullum bayan La'asar ka hau babur ɗin ƙanena marigayi Ubaidu, ka je ƙofar gidanmu a Mando, ka tsaya inda yake tsayawa, ka murɗa totur sau uku, ka juya. Ranar da aka yi wa Hajiya aikin zuciya, babur ya zama naka. Ni da matarsa da sauran magada mun zauna, kowa ya yarda."

Maliki ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya daɗe yana gogewa ko da yake hannun ya riga ya bushe. Shekara talatin da ɗoriya yana kwance inji yana ɗaurawa, ya kuma san ciniki in ya cika daɗi, da ƙaya a cikinsa.

"Hajiya Rashida, wato har yau ba a gaya wa tsohuwa ba?"

"Ba a gaya mata ba. Likita ya ce in labarin nan ya same ta kafin aikin, sai dai a haƙa kabari na biyu. A Abuja ciwon ya kama shi, can aka binne shi, zaman makoki kuma a gidan kawunmu muka yi a Doka. Ce mata muka yi ya yi tafiya. Jiya ta ce Auta bai taɓa kwana tara bai zo ƙofarta ba, ko dai akwai abin da muke ɓoye mata."

Duk wanda ya san Ubaidullah ya san yadda suke da uwarsa. Hajiya Dije ciwon suga ya rufe mata ido shekara biyar da suka wuce. Ranar da autan nata ya sayo ƙaton baburinsa ɗan Amurka, ta rantse da Allah ba zai sake taka cikin gidanta ba sai ya rabu da shi, domin a kan babur mijinta ya mutu. Shi kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: taurin kan nata ya gado. Bai sayar ba, bai kuma karya mata rantsuwa ba. Shekara uku, kullum bayan La'asar, sai ya tsaya a bakin get, ya murɗa totur sau uku, gaisuwarsa ke nan. Ita tana ɗaki tana ji. Ba ta taɓa amsawa ba, ba ta kuma taɓa yarda a kunna rediyo a wannan lokacin ba.

"In ta ce in shigo fa?" in ji Maliki.

"Hajiya? Ba ka san ta ba ke nan."

Maliki ya kalli ƙasa. Babu ƙusa ɗaya a jikin babur ɗin nan da bai taɓa ba. Shi ya ɗaura masa dogayen salansa biyu, bututun fitar hayaƙi, da Ubaidullah ya yi odarsu daga waje. Shi ya ɗaga masa hannuwa, ya kai tankin Panteka aka fesa masa baƙin fenti mai sheƙi, ya sa baduku ya ɗinke sirdin da jar fata. Injin silinda biyu ne, ɗaya ta kalli gaba ɗaya ta kalli baya, sun rabu kamar gwafar icce, in aka bar shi a silo, yana aiki a tsaye ba totur, sai ka rantse mata biyu ne ke lugude a turmi ɗaya. Mutum irin Maliki zai gyara irinsa har ya mutu, amma ba zai taɓa cewa nawa ne ba.

"Allah ya ba Hajiya lafiya," ya ce. "A kawo makulli."

Da aka sauke babur daga motar kaya washegari, Hassan mai walda, maƙwabcin rumfarsa, ya ɗage gilashin fuskarsa ya zo kallo. Da ya ji sharaɗin sai ya riƙe ciki don dariya.

"Oga, da furfurarka? Ka zama ɗan acaɓan lahira ke nan!"

"Koma kan ƙarfenka, ɗan baƙin ciki. Kai ko keke wa ya taɓa bar maka?"

"Ni dai in ka ji an dafa kafaɗarka an ce a sauke ni a nan, kada ka waiwaya."

Sati na farko ya tafi sumul. Damina ce, sama a lulluɓe. Maliki yakan idar da La'asar, ya kifa hular kwano, ya bi baifas har Mando, ya karya cikin layin su Hajiya. Layi ne shiru, daga mai suyar awara a kan kwana sai awakin maƙwabta. Ya tsaya gefen wani rami da ruwan sama ke kwanciya a ciki, ya murɗa sau uku, ya ɗan jira, ya juya. Wata rana jirgin sojan sama yakan keto ta kansa, sai ya dakata har ƙararsa ta wuce. A kwana na uku Rashida ta bugo tana dariya da kuka a haɗe, ta ce Hajiya ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari, ta ce ɗan banzan ya dawo.

Abu ɗaya ne ya hana Maliki sakat. Injin yana da ɗingishi. In yana lugude a silo, bayan bugu bakwai ko takwas sai silindar baya ta tsallake ɗaya, kamar mai magana ya haɗiye kalma. Wani ba zai lura ba. Amma Maliki da kunne yake cin abinci. Ba shi da na'urar da yaran yanzu ke jona wa inji, sukundireba kawai yake kafawa a jikin ƙarfe, ya ɗora kunne a kan mariƙinta, ya gaya maka abin da ke ciwo. Tun da daɗewa ya san allurar kafireta, mai haɗa wa inji mai da iska, ce ta cinye, bawul ɗin baya kuma ba ya zama daidai. Sau nawa ya ce wa Ubaidullah ya bar masa babur yini ɗaya. Kullum sai ya yi dariya ya ce, "Baba Maliki, canja komai, amma wannan bar min shi haka." Bai taɓa faɗin dalili ba, Maliki kuma ya ɗauka rigimar masu kuɗi ce.

Yanzu da yake shi ke kai, ɗingishin har cikin haƙoransa yake jin sa. Sai kuma ya buɗe jakar fatar da ke gefe, ya tarar da sabuwar kafireta a kwalinta, ko leda ba a yage ba, irin wadda ake yin oda don ƙara wa inji numfashi. Ya juya ta a hannu. Ya ce a ransa, tsohuwa makauniya, daga cikin ɗaki, ta bayan katanga, me take ji in ba rugugin salansa ba? Salansa kuwa ba zai taɓa ta ba. Kuma babur ai nasa ne, saura kwanaki.

Ranar Talata ta sati na biyu aka tashi da ruwa, ba mai kawo aiki. Maliki ya shimfiɗa buhu, ya kwance kan silindar baya. Ya goge bawul da man niƙa har ya zauna ɗas, ya sa sabbin fulogi, ya ɗaura sabuwar kafireta, ya yi ta juya ƙusar iska da ɗan yatsa yana saurare. Kafin Azahar ya tayar. Lugude ya fito tas, bugu na bin bugu, ko ɗaya bai faɗi ba. Hassan da kansa ya ajiye walda.

"Kai, Oga! Duk iskancinka ka iya aiki. Yanzu ya zama babur."

"Da can mene ne?"

"Da can tsoho ne mai tari, irinka."

Ran nan Maliki ya je Mando kamar iska na ɗauke da shi. Ya murɗa sau uku, ya juya. Bai kai ga cire hular kwano a gareji ba wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Maliki, wa ya rako ka yau?"

"Ni kaɗai ne, Hajiya Rashida. Lafiya?"

"Hajiya ce ta ce babur biyu suka zo. Wai na farko baƙo ne, mai lafiyayyen inji, ya tsaya yana kwaikwayon Auta. Sai da ya tafi da ɗan jimawa sannan Auta ya zo ya gaishe ta. Har tana faɗa wai a gaya masa ya daina yawo da abokan banza."

"Ke kin ji na biyun?"

"Ina zaune kusa da ita. Naka kaɗai na ji."

Maliki ya ce tsufa ne da ciwo, kada ta damu.

Washegari da ya yi murɗawarsa uku bai juya ba. Ya kashe inji, ya zauna a kan sirdi. Rana ta fito bayan ruwa, layin fayau, ana ganin har bakin titi. Mai awara tana juya abinta. Wata akuya ta kwanta a tsakiyar hanya tana tuƙa. Ya kusa yi wa kansa dariya ke nan sai ya ji shi, can ƙasa-ƙasa daga wajen kwana. Bugu bakwai, na takwas ya faɗi. Bugu bakwai, na takwas ya faɗi. Yana matsowa a hankali, yadda Ubaidullah ke shigowa layin don kada ya tayar wa mutane da hankali. Mai awara ko ɗago kai ba ta yi ba. Akuyar ce ta miƙe, ta koma gindin katanga, ta bar hanya.

Ƙarar ta zo ta tsaya a hagunsa. Babu komai a wurin sai ramin ruwa. Maliki ya zuba wa ruwan ido, ya ga saman ruwan yana karkarwa, ƙananan da'ira suna tashi suna bajewa. Aka murɗa sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku. Aka ɗan jira. Sannan ƙarar ta juya, ta bi hanyar da ta fito, ruwan ya kwanta.

Bai san addu'ar da ya karanta ba, ya dai san ya karanta.

Da safe kafin Hassan ya buɗe rumfa, Maliki ya riga ya ciro tsohuwar kafireta daga gwangwanin da ya jefa ta. Ya mayar da ita. Ya mayar da tsofaffin fulogi. Ya tayar, inji ya yi lugudensa tas. Bawul ɗin da ya goge ya riga ya gogu, abin da man niƙa ya cinye ba ya dawowa. Ya sassauta nan, ya ɗaure can, ya shafa wa fulogi baƙin mai, ya toshe iska da tsumma. Inji ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi harbi kamar bindiga, amma ɗingishin nan na bugu na takwas ya ƙi zuwa. Shekara uku na hanya ne suka sassaƙa shi, ba hannun mutum ba.

"Ikon Allah," in ji Hassan da ya gaji da kallo. "Na ga bakanike yana neman gyara, yau na ga yana neman ɓarna ido rufe. Oga, ko a kira maka malam?"

Maliki ya tattara kayan aikinsa. Ran nan ya ƙi zuwa Mando. Ya ce tunda mai abin yana zuwa da kansa, me za a yi da ɗan kwaikwayo? Ya zauna a benci har aka kira Magariba, yana jin sanyi a ransa kamar wanda ya sauke kaya.

Sassafe Rashida ta iso da kanta, ido jawur.

"Malam Maliki, kashe ta za ka yi? Jiya tun La'asar take zaune a bakin gado. Ta ce baƙon bai zo ba, Auta ma bai zo ba. Ko ruwa ta ƙi sha. Jininta ya hau har sai da muka ɗauko likita."

A nan Maliki ya gane matsayinsa. Abin ba ya zuwa shi kaɗai. Ƙarfen yake bi. In ƙarfe bai je ƙofar ba, muryar ma ba ta zuwa, kuma ran tsohuwa a kan muryar yake rataye. Ya so ya gaya wa Rashida abin da ya ji, sai ya dubi fuskarta ya fasa.

"Ciwon ciki ne ya kwantar da ni," ya ce. "Ba zan sake fashi ba."

Bai sake ba. Sai dai tazarar da ke tsakaninsu ta riƙa raguwa. Da farko sai ya gama tasa gaisuwar abin yake shigowa layi. A sati na huɗu tun daga kwanar mai awara yake jin sa a baya. A na biyar tun a baifas, cikin tireloli da hon ɗin 'yan Keke, ɗingishin na manne da shi kamar jela. Ya duba madubi har wuyansa ya ƙage, sannan ya cire madubin gaba ɗaya, domin ganin babu komai ya fi masa ciwo. Ya rame. Matarsa ta ce ko suga ne shi ma. Hassan ya daina tsokana, ya fara ajiye masa shayi ba tare da an tambaye shi ba.

Ana gobe aiki, da hantsi, Rashida ta bugo.

"Hajiya ta sa an dafa abinci an ciyar da miskinai goma. Ta ce kaffarar rantsuwarta ce. Ta ce gobe za a yanka ta, ba ta san ko za ta tashi ba, in Auta ya zo yau a buɗe masa get ya shigo. Malam Maliki, ya za mu yi? In ba ka zo ba ta mutu. In ka zo ka ƙi shiga ta gane. In ka shiga, da ka buɗe baki ta gane."

Maliki ya waiga ya dubi babur ɗin a rumfa.

"Ki buɗe get ɗin," ya ce. "Ki buɗe shi duka biyu."

Bayan La'asar ya shigo layin. Get a wangale. Daga inda ya tsaya yana hango tsakar gida, da bishiyar mangwaro, da baranda. An shimfiɗa darduma, Hajiya Dije na zaune a kan kujera, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin mayafi, fuskarta na kallon ƙofa. Rashida na tsaye a bayanta, ta danne baki da hannu. Maliki bai murɗa totur ba. Ya kashe inji, ya sauke ƙafafu.

Ɗingishin bai tsaya a hagunsa ba yau. Ya wuce shi, kusa ƙwarai, har ya ji zafin salansa ya lashi ƙaurinsa ta cikin wando. Ya haura ɗan tudun bakin get, ya ratsa tsakar gida a hankali, kaji suka watse gefe biyu. Gindin mangwaro ya tsaya. Ya yi lugudensa kaɗan, bakwai, na takwas ya faɗi, sannan ya mutu. Cikin shirun Maliki ya ji ƙas, ƙas, ƙas, irin ƙarar da ƙarfe mai zafi ke yi in yana hucewa.

Hajiya ta miƙa hannun dama. Bai sauka a cinyarta ba. Ya tsaya a iska, daidai inda kan mutum zai kai in ya durƙusa, yatsunta suna motsi kamar mai shafa suma. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta yi shiru kamar mai saurare, ta sake magana. Sau ɗaya ta yi 'yar dariya. Abin ya kai tsawon raka'a huɗu. Sannan ta janye hannunta, ta ɗaga murya.

"Kai baƙon da ke waje. Matso."

Ƙafafun Maliki suka kai shi ba da shawararsa ba. Ya zagaye gindin mangwaro da nisa, ya cire hular kwano, ya durƙusa a gefe.

"Barka da yamma, Hajiya. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Kai ne Maliki bakanike?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ya ce ka iya aiki, sai dai ba ka jin magana. Ya ce sau nawa yana ce maka ka bar masa shi haka." Ta juya fuska wajen 'yarta. "Ke kuma Rashida, a ina kuka binne shi?"

Rashida ta zube a ƙasa.

"Tashi, ba kuka na tambaye ki ba. Tun ranar da suka zama biyu na sani. Ƙarfe ya zo daban, murya ta zo daban, mai rai ba ya zuwa haka. Na yi shiru ne don kada ku hana wannan bawan Allah rako shi. Malam Maliki, ka huta. Ya shigo, ba sai an sake kawo shi ba. Allah ya yi maka albarka."

Aka yi aikin washegari, Hajiya Dije ta tashi. Ta ƙara damina biyu a duniya, tana cin tuwonta, tana faɗa da jikoki. Rashida ta cika alkawari, kafin sati ya zagayo ta aiko da takardun babur.

Maliki kuwa, kwana uku bayan haka wani ya kawo masa ƙaramin babur a duba. Ya kafa sukundireba, ya ɗora kunne. Bugu bakwai, na takwas ya faɗi. Ya kwance injin gaba ɗaya, ya tarar lafiyarsa ƙalau. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Janareto, injin markaɗe, motar maƙwabci, duk abin da ke da fistin a cikinsa da wannan ɗingishin yake yi masa magana. Masu manyan babura mutane ne masu labari a tsakaninsu, ba a yi wata uku ba suka koma wurin masu na'ura. Yau in ka je Kinkinau za ka same shi yana canja taya, yana ɗaure sarƙa da birki, aikin da ido ke yi. Babban babur na can ƙuryar rumfa a ƙarƙashin tamfol, lafiyayye, ba abin da ke damunsa. Masu so sun taya, ya ce ba na sayarwa ba ne, hawa kuma ba ya hawa.

To, in ana maganar riba, Hajiya Dije ce ta ci, ta sallami ɗanta da hannunta a kansa. Rashida ta ba da ƙarfe ta sami uwa shekara biyu, ita ma ba ta faɗi ba. Maliki ne ya karɓi abin da aka yi ciniki a kai cif, ko ƙusa ba a rage masa ba, kuma a cikin su ukun shi kaɗai ya yi asara.